Kwamfutar da Na Haɗa a Tsakar Gida

Sana'ata zanen adon ɗinki ce. Idan ka ga wuyan kaftani ko gaban riga da aikin zare irin wanda keken kwamfuta ke yi, to akwai wanda ya zauna ya zana shi tun kafin allura ta taɓa yadi, ya tsara wa keken inda zai soka da inda zai juya. Ina cikin masu wannan zaman. Teloli kan turo mini hoton abin da mai kaya yake so, wani lokaci ma hoton tsohuwar babbar rigar kakansa ne, ni kuma in mayar da shi zanen da keke zai iya karantawa, in tura musu ta waya. A ɗakina nake aikin, a gidan su maigidana da ke Dukawuya. Gidan gado ne mai sassa da yawa, sashenmu yana jikin na mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya.

Da wata laftof ta hannu na fara, kuma ta yi mini rana, ba zan ci amanarta ba. Amma da aiki ya yawaita, zanen ya riƙa ƙara cunkoso, sai ta fara gazawa. Takan yi zafi har in kasa ɗora hannu a gefenta, fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe, sannan komai ya tsaya cak. Duk lokacin da ta lalace sai na jira ranar da maigidan ba shi da makaranta, domin malami ne, ya saɓa jaka ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya ce gobe, goben ta zama jibi, teloli kuma suna ta kira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban taɓa sanin me aka yi mata ba. A ce an canja wani abu, in ce to. A ce wani abu ya ƙone, in ce Allah ya kyauta. Da ita nake neman abinci, amma ban san cikinta ba ko kaɗan.

Da na yanke shawarar sayen kwamfutar tebur, sai na fara bincike a waya, bayan azahar idan yara sun kwanta. A nan na gane cewa ba dole ba ne mutum ya sayi haɗaɗɗiya. Ana sayen kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya a haɗa da hannu, kuma ba tsafi a ciki. Akwai babban faifai da ake kira madabod, shi ne filin da kowa ke zama a kai. Akwai firosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Akwai ram, wanda ke riƙe aikin da ake kan yi. Akwai katin hoto, wanda aikina ya fi buƙata, da ma'ajiya, da akwatin wuta da ke raba wa kowa lantarki. Na kalli mutane suna haɗawa a bidiyo har na haddace abin da ke bin wani. Abu ɗaya ne na ga yana buƙatar natsuwa, wato sanin wane ne ke shiga da wane, domin ba kowace firosesa ke zama a kan kowane faifai ba. Wannan ma karatu ne kawai, na kuwa yi shi.

Yayana ne ya fara tare ni. Shi ne babba a ɗakinmu, ma'aikacin ofis ne, yana zaune wajen Ƙofar Dawanau, kuma kusan duk Juma'a yakan biyo ta gidanmu bayan an sauko daga masallaci. Na faɗa masa niyyata ina murna. Ya ajiye kofin zoɓo ya dube ni.

"Ke dai tun kina ƙarama kin cika son wahala," in ji shi. "Waɗanda suka ƙera ta a masana'anta sun fi ki sanin abin da ya dace da wani. Ki je ki ɗauko haɗaɗɗiya, ki jona ta a wuta, ki ci gaba da aikinki. In ta ba da matsala ki mayar musu."

"Yaya, ai mayarwar ce ba na so," na ce.

"To in kin haɗa da kanki ta ƙi tashi fa? Wa za ki kama? Mai faifai ya ce laifin mai ram ne, mai ram ya ce laifinki ne. A ofishinmu duk haɗaɗɗu ne, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kwance su."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma na san haka. Amma na ce masa aikin ofishinsu rubutu ne da lissafi, nawa kuwa zane ne mai nauyi. Ina son abin da in ya gaza zan ƙara masa ƙarfi, in ya lalace in san inda ya lalace. Ya juya wajen maigidan, wanda ke gefe yana gyara takardun ɗalibai.

"Malam, kai ba za ka ce komai ba?"

Maigidan ya yi murmushi bai ɗago ba. "Ni dai abin da na sani, Yaya, kafaɗata ta gaji da jakar nan. Duk wadda za ta hutar da ni, ita nake goyon baya."

Yaya ya girgiza kai ya ce tunda haka ne shi zai raka ni kasuwa, don kada a cuce ni. Na san a ransa yana fatan in ga haɗaɗɗun da idona in sauya ra'ayi. Ban damu ba, ni ma ina son in gan su.

Ranar Asabar muka hau ɗan sahu muka tafi layin masu sayar da kwamfuta. Shagon farko da muka shiga, mai shi ya jera haɗaɗɗu na hannu, irin waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka gama amfani da su. Baƙaƙe ne, sirara, tsaf da su. Ya kunna ɗaya, nan take ta tashi, ko ƙara ba ta yi.

"Ka gani ko, Alhaji," ya ce wa Yaya. "Wannan ba ruwanka da kowa. Ka kai gida ka jona, shi ke nan. Har garanti zan ba ka."

Yaya ya kalle ni irin kallon nan na kin ji dai. Gaskiya ta burge ni. Na roƙi mai shagon ya buɗe mini murfinta. Ya buɗe. Cikin a tsare yake, komai a mazauninsa, ba waya ko ɗaya da ke yawo. Amma a matse yake ƙwarai, babu inda katin hoto irin wanda nake so zai shiga. Akwatin wutar kuma dogo ne siriri, ba irin na kowa da kowa ba.

"Malam, in wannan ya ƙone, ana samun irinsa?" na tambaye shi.

"Ana samu, Hajiya, sai dai a nema. Wani lokaci sai an ciro daga jikin wata."

Ya faɗi gaskiya, na kuma gode masa. Na ce ba za ta yi mini ba. Yaya kuwa ya tsaya yana shafa ta. Ya ce dama yaransa suna damunsa da aikin makaranta, shi ma yakan taho da rubutu daga ofis. Kafin in ankara har sun daidaita da mai shagon. Wanda ya rako ni don ya hana a cuce ni, shi ya riga ni sayayya.

Daga nan muka shiga yawo shago shago. Duk inda muka shiga, Yaya ake wa magana. A shago na biyu ya gaji, ya ce wa mai shagon, "Ita za ka tambaya, ni ɗan rakiya ne." Mutumin ya juyo ya ce me Hajiya take so. Na faɗa masa irin faifan da nake nema da firosesar da za ta hau kansa. Ya ɗauko, na juya kwalin na karanta, na tabbatar su ne. Katin hoton na hannu na saya, na sa aka gwada shi a gabana. Wani dattijo mai sayar da ram ya tambaye ni wa zai haɗa mini.

"Ni ce," na ce.

"To ki ji, Hajiya. Mazaunin firosesar nan yana da 'yan ƙananan haƙora kamar gashi. In kika lanƙwasa ɗaya, ba wanda zai karɓa daga hannunki. Na faɗa miki tun yanzu."

"Na ji, Baba, na gode."

Yaya ya ɗauka wannan zai tsorata ni. A cikin ɗan sahu muna komawa, kwalaye a cinyoyinmu, ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take, ana iya ba wani mai shago ya haɗa mini. Na ce masa zuwa da kai ya fi aike. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma muryarsa ta nuna bai sa rai ba.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi Islamiyya, na share tsakar gida na shimfiɗa tabarma a inuwa, na fito da ƙaramin tebur. Ɗakin ba shi da isasshen haske, shi ya sa na zaɓi waje. Hajiya ta fito da kujerarta da farantin shinkafar da take tsincewa ta zauna kusa da ni.

"'Yar nan, wannan tarkacen ne zai zama kwamfuta?"

"Shi ne, Hajiya, in Allah ya yarda."

"To Allah ya yarda. Ni dai na ga kamar kayan cikin rediyo."

Na wanke hannu na goge, na yi bisimilla. Firosesar na fara ɗauka, tunda ita aka tsoratar da ni a kanta. Akwai 'yar alama a kusurwarta, akwai irinta a mazaunin. Na daidaita su, na sake ta a hankali, ta zauna da kanta ba tare da na danna ba. Na rufe maƙullin. Abin bai yi mini wuya ba, domin wanda ya saba bin layin zare a zane ba ya jin tsoron ƙaramin abu. Na ɗiga man da ke hana ta zafi, na ɗora fankarta na ɗaure. Na sa ram, na sa ma'ajiya, na kwantar da faifan a cikin babban akwatin kwamfutar na ɗaure shi da sukudireba.

Wayoyin ne suka ci mini lokaci. Akwai wasu 'yan sirara da ke fitowa daga maɓallin kunnawa, kowace da ramin da za ta shiga, rubutun jikinsu kuma sai an ƙanƙance ido. Na riƙa duba ɗan littafin da ya zo a cikin kwalin faifan, ina dubawa ina sawa. Hajiya ta gama tsintar shinkafarta, ta tashi ta ɗora tukunya a madadina. Wannan alherin ban manta da shi ba. Sauran matan gidan sukan leƙo su yi sannu, su tsaya kaɗan su wuce.

Bayan azahar Yaya ya iso. Ya ce wucewa yake yi, amma kowa ya san Dukawuya ba a kan hanyarsa take ba ranar Lahadi. Lokacin na gama, kuma an yi sa'a akwai wuta. Maigidan ya ja waya daga ɗaki, muka jona allon kwamfutar da na sayo tare da kayan. Na danna maɓalli.

Fankoki suka juya, wata 'yar fitila ta kama. Allon kuwa baƙi ƙirin. Muka jira, shiru. Na kashe na sake kunnawa, haka dai.

Yaya bai yi mini dariya ba, ba halinsa ba ne. Ya tsuguna ya leƙa cikin akwatin, ya ce a hankali, "Ba komai. Gobe in na tashi daga aiki sai mu kai wa dattijon nan ya duba. Kin yi ƙoƙari."

"Yaya, ka ba ni zuwa la'asar."

"In kuma wani abu kika ƙona fa?"

"Da na ƙona da mun ji ƙauri. Wuta tana shiga, fanka tana juyawa. Wani abu ne bai zauna daidai ba."

Ban faɗi haka don in kare kaina ba, haka na gani. Na san duk abin da ke cikin akwatin nan, tunda ni na sa shi, kuma ba su da yawa. Suka koma zaure shi da maigidan, ni kuma na cire wayar wuta na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na duba wayar allo, tana jikin katin hoto inda ya kamata. Na cire katin na mayar. Na taɓa manyan wayoyin wuta, duk sun kama. Da na zo kan ram sai na lura gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsayi, ɗan maƙullin da ke riƙe shi bai rufe ba. Gargaɗin da aka yi mini a kan firosesa ne ya sa na riƙa lallaɓa komai kamar ƙwai, alhali shi ram sai an danna shi da ƙarfi. Na sa manyan yatsuna biyu na danna. Ya ce ƙas.

Na mayar da wuta na kunna. Allon ya yi haske, rubutu ya fito.

Hajiya ce ta fara gani. Ta ɗaga murya ta ce, "Ku fito, abin 'yar nan ya yi magana!" Yaya ya shigo da sauri har yana barin takalmi ɗaya a baya. Ya tsaya yana kallon allon, ya ce in kashe in sake kunnawa ya gani. Na yi. Ya ce in ƙara. Na ƙara.

"To," in ji shi, "Allah ya sa albarka. Amma ni dai tawa tun jiya da yamma yara suke amfani da ita."

Duk muka yi dariya, domin gaskiya ya faɗa. Ni sai da na ƙara kwanaki ina sa manhajoji, ina kwaso zane-zanena daga tsohuwar laftof, kafin na fara aiki sosai. Amma da na fara, bambancin a fili yake. Zanen da a da nakan tashi in yi wanke-wanke kafin ya buɗe, yanzu kafin in gyara zama ya fito. Na fara karɓar manyan ayyuka irin na gaban babbar riga, waɗanda a da nake mayarwa.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Akwatin ƙato ne, ya cinye kusurwar ɗakin, sai da na fitar da wata durowa. Fankokinta suna da ƙara fiye da ta Yaya. Tana kuma shan wuta, ƙaramin janaretonmu da ƙyar yake ɗaukarta tare da fankar ɗaki, don haka in an ɗauke wuta sai in zaɓa, ko aiki ko iska.

Ranar da na fi jin daɗin shawarata ta zo ne ana cikin azumi, lokacin da teloli ba sa barci ni ma ba sa bari in huta. Da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, na ji wani ɗan ƙara, allon ya mutu, ƙauri ya tashi. Ga shi aikin mutane da yawa yana ciki. Na cire waya, na buɗe murfin, na bi ƙaurin da hanci. Daga akwatin wuta yake fitowa, faifan kuwa ba tabo a jikinsa. Na kwance akwatin wutar na ɗauki hoton rubutun jikinsa na tura wa maigidan a makaranta, na ce in ya tashi ya biya kasuwa ya sayo irinsa, ya haɗo da na'urar daidaita wuta, wadda tun farko ya kamata in saya. Irin na kowa da kowa ne, a shagon farko ya samu. Kafin a sha ruwa na ɗaura shi, kwamfuta ta tashi, ba abin da ya ɓata. Telolin ba su ma san an yi ba.

Da na ba Yaya labari ya ce a unguwarsu ma an yi irin wannan wutar, amma tasa ko gezau. Na ce Allah ya ƙara tsarewa. Har yau tana nan tana yi masa aiki, bai taɓa buɗe ta ba, ba ya kuma da niyya. Ni kuwa tawa na ƙara mata ram, na sauya ma'ajiya da babba, duk a kan tabarma.

Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu ta shigo. Ta yi ritaya daga aikin koyarwa, tana son ta riƙa buga wa ɗalibai takardu a gida. Ta ce ta ji labarin ni na haɗa tawa, tana son in haɗa mata.

"Malama, wane irin aiki za ki riƙa yi da ita?"

"Rubutu ne kawai, sai ɗan lissafi."

"In ta tsaya wata rana, za ki so ki buɗe ki duba cikinta?"

Ta kama baki. "Ni? Allah ya kiyaye. Ko rediyona ban taɓa buɗewa ba."

Na ce mata to haɗaɗɗiya ce daidai da ita, ƙarama, marar ƙara, wadda ba ta shan wuta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta yi mamaki, ta ce ta zaci zan ce kowa ya yi irin tawa. Ranar Asabar muka sa mayafi muka tafi kasuwa tare. Na duba mata guda uku, na zaɓi wadda ta fi lafiya, na sa aka kunna ta a gabanmu ta daɗe tana aiki. Da muka dawo na jona mata a ɗakinta, na nuna mata inda ake kunnawa da inda ake kashewa. Ta zauna ta gyara tabarau, ta fara buga sunan makarantar da ta koyar da yatsa ɗaya, ni kuma na koma gida, domin akwai wuyan kaftani da ke jirana.